Kwalbar Bayan Tankin Madara

Shafi na 23

Masu biyo ni ta saƙo kuna tambaya ko za a yanke wa Baba Sipke ƙafa, ku yi haƙuri da shirun da na yi. Nauyin ce muku a'a nake ji, kuma ba zan faɗa ba. Ku dai karanta.

*

Rinske ta tuɓe rigar leda da safar hannu a ƙofar ɗakin da aka keɓe mahaifinta, ta cusa su a kwando. Sau uku ta wanke hannu, warin bai bar hancinta ba.

A cikin shanu ta tashi. Ta san warin maraƙi mai zawo, ta san na mahaifar saniya da ta kwana a ciyawa. Wannan daban ne. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar an dafa ruɓaɓɓen nama da sukari, kuma daga jikin Babanta yake fitowa. Daga safe zuwa yanzu sau tara aka canza masa shimfiɗa.

"Rinske, zo mu zauna minti biyar."

Dokta Bouma ce, likitar da ke duba shi. Rinske ta zauna ta juya mata kunnen dama, kamar yadda take yi wa kowa, don na hagun tun tana yarinya ba ya kama magana sosai.

Likitar ta nuna mata hoto a waya. Wani ɗan faranti ne, samansa duk ya rufe da farin yauƙi. An jera masa ƙananan takardu shida, kowace kamar maɓallin riga.

"Wannan yauƙin ƙwayar cutar da muka ɗebo daga gyambon ƙafarsa ce. Mun shuka ta, cikin kwana biyu ta cika farantin. Kowace takarda da maganin da aka jiƙa ta da shi. Inda magani ya fi ƙarfinta za ki ga ta ja baya, ta bar fili kewaye da takardar. Duba ki gaya min."

Rinske ta duba.

"Biyar ta haye kansu ta zauna. Ɗaya ce kawai da fili."

"To shi kaɗai ya rage mana a nan. Amma mugun magani ne, yana cin ƙoda, yana cin kunne. Mutumin da bai taɓa shan irinsa ba zai iya ɗauka, muna sa masa ido. Wanda kuwa aka ɗura wa ɗan'uwan maganin kwanan nan, in muka ƙara masa wannan, ƙodar na iya tsayawa, jin kuma in ya tafi ba ya dawowa."

"Baba ko farasitamol sai an yi rigima yake sha."

"Haka shi ma ya ce min. Amma irin wannan zawon ba ya zuwa haka kawai. Sai an daɗe ana ba mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya share har da na kirkin da ke cikin hanji. Ƙodarsa ta riga ta yi rauni. Sannan akwai ƙulli-ƙulli a cinyarsa, na ƙirga sun fi ashirin. Wai saniya ce ta shure shi."

"Sau ashirin?"

"A wuri ɗaya kuma." Likitar ta rubuta sunayen magunguna uku a takarda ta miƙa mata. "Kwanansa huɗu a nan, in ma an ba shi ya riga ya fita daga jini, gwaji ba zai nuna min ba. A kunne da ƙoda yake maƙalewa. Ki je gida ki duba. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ki kira ni, mu canza hanya: mu shiga da shi tiyata yau, mu jira wani magani da za a kawo gobe. In kuma mutanen gida sun tabbatar min babu, nan take zan fara, don ciwon ya kusa gwiwa. Ba zan wuce ƙarfe huɗu ina jira ba."

A wurin ajiye motoci Rinske ta kira gida, ta gaya wa mahaifiyarta duk abin da likita ta ce.

"Magani kuma?" in ji Mama Hiltsje. "A gidan nan? Ki dai zo, na bar miki dankali."

*

Tafiyar awa ɗaya ce, amma ta tarar an ɗaga gadar nan mai buɗewa don jiragen ruwan masu yawon hutu, ta yi minti ashirin tana kallonsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga wa mutane hannu. Ƙarfe biyu saura ta shiga gonar.

Ba ta bi ta cikin gida ba. Kai tsaye ta wuce garke.

Yayanta Douwe na tura taki da ƙarfen kwasa, shi dai wannan ƙarfen da ya yanki Baba a ƙwauri wata biyu da suka wuce. Ya dubi fararen takalmanta ya yi dariya ta hanci.

"A'a, manyan birni. Da kin faɗa za ki zo ai da na fesa wa shanun turare."

"Ina makullin akwatin magani?"

"Ba gaisuwa?"

"Yaya, ina makullin?"

Ya ciro ya jefa mata. Ta buɗe akwatin da ke jikin bango, ta bi kwalaben ɗaya-ɗaya da takardar likita a hannu. Kowace da tambarin likitan dabbobi, kowace an rubuta saniyar da aka ba. Babu ko ɗaya cikin sunayen ukun.

"Kin gama, Sufeto? Ko za ki leƙa ƙarƙashin wutsiyarsu?"

"Wani ya yi wa Baba allura fiye da sau ashirin."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni. Ni ce kurmar gidan, ba kai ba."

Ya jingine ƙarfen. "Watau ni kike nufi."

"Wa ke yi wa shanu allura a nan?"

"Shanu. Shanu nake yi wa. Ke da kike zuwa ranar Lahadi da kek ɗin kanti ki zauna awa biyu ki gudu, yau ke ce mai tuhuma? Da ƙafar ta fara wari wa ya roƙe shi ya je wurin likita? Ya je sau ɗaya, aka ce ya wanke ya dawo bayan sati, ya rantse ba zai ƙara ɓata safiyarsa ba. Kina ina lokacin?"

Wani abu ne ya faɗo mata a rai.

Suna yara akwai wurin da aka hana su taɓawa. Ba akwatin magani ba, ba ramin taki ba. Wani tsohon tulun madara ne na ƙarfe, tun na zamanin kakansu, da ke maƙale a lungun bayan tankin madara.

Ta juya ta nufi ɗakin tanki. Douwe ya biyo ta.

"Ina za ki? Babu komai a can sai yanar gizo."

Ko'ina akwai yanar, ban da murfin tulun. Shi a goge yake, har yana sheƙi.

Ta cire murfin ta zura hannu. Abin da ta fara taɓawa tsohuwar safa ce, da abu mai nauyi a ciki. Ta zazzage a kan tanki.

Kwalba ce ruwan ƙasa, babba, saura kaɗan a gindinta. Robar bakinta ta sha huda har ta zama kamar rariya. Sai sirinji irin na shanu, mai kaurin babban yatsa, da allurarsa a jiki. A gindin allurar jini ya bushe ya yi baƙi. Cikin jinin akwai gashi iri biyu: gajeru baƙaƙe na saniya, da wani dogo guda ɗaya, fari, mai lanƙwasa.

Yawu ya cika wa Rinske baki. Da kyar ta kai magudanar ruwa. Kofin da ta sha da safe da burodin duk suka dawo.

Da ta ɗago ta goge baki, ta ɗora takardar likita kusa da kwalbar. Sunan na biyu ne. Jentamisin.

Douwe ya ƙura wa kwalbar ido. Fuskarsa ta koma kalar madarar da ke cikin tankin.

"Ka san ta," in ji Rinske.

"Ta saniyar nan Jantsje ce, mai lamba sittin da biyu. Shekara huɗu ke nan. Aka yi mata allura biyu ta mutu, likitan dabbobin ya manta bai karɓi saura ba. Na ce a mayar. Aka ce min an mayar."

"Wa ya ce?"

Ya kalli ƙasa.

"Yaya, wa ya ce?"

"Ke ma kin sani ai. Ni ko jinin mutum ba na iya kallo. Ranar da kika faɗo daga keke wa ya suma, ni ko ke?"

Daga cikin gida suka ji an buga ƙaramar ƙararrawar nan ta ƙofar baya. Ƙarfe uku ya yi. Lokacin shayi.

*

Mama Hiltsje ta riga ta jera kofuna uku a tebur. Kicin ɗin fes, kamar kullum, ƙamshin sabulu ko'ina. Ta buɗe gwangwanin biskit, ta ɗora wa kowa ɗaya a gefen kofinsa, ta rufe ta mayar saman kabad.

"Takalma a waje," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Rinske ta shigo da nata. Ta ajiye kwalbar da sirinjin a tsakiyar farin zanen tebur.

Mama ta dube su. Ta ɗauko tsohuwar jarida, ta ɗaga su ta shimfiɗa a ƙarƙashi.

"Jiya na wanke zanen nan."

"Mama, ke ce?"

"Zauna ki sha kafin ya huce."

"Ke ce kika yi wa Baba allura da wannan?"

"To wa zai yi? Wannan ragon?" Ta nuna Douwe da cokali. "Mutum ƙafarsa na ruwa, ga yankan ciyawa ya zo, ga shanu casa'in. In zuba ido ya ruɓe? Likita ya ce a wanke. Na wanke. Da na ga wankin bai yi ba na yi abin da na sani."

"Kwana nawa?"

"Sha tara. Safe da yamma. Kafin nan na ba shi na ciwon hantsar saniya sati biyu, ina matsa masa a cokali. Shi ne bai karɓe shi ba, ya sa shi gudawa."

Rinske ta dafa kujera.

"Da allurar da ake soka wa saniya a gindi."

"Ina ɗauraye ta da ruwan zafi."

"Akwai gashi a jiki, Mama. Na saniya da na Baba, a manne wuri ɗaya."

"Ranar ƙarshe ce ban samu sukuni ba, motar asibiti ta zo." Ta kurɓi shayi. "Kada ki tsaya min a kai kamar na kashe wani. Ba da ka na yi ba. Sai da na auna shi."

"Da me?"

Mama ta jawo aljihun tebur, inda take ajiye zare da almakashi. Ta ciro wani koren tef da ya sha hannu. Rinske ta san shi. Shi ake zagaya wa maraƙi a ƙirji, gefe ɗaya ya nuna faɗi, ɗaya gefen ya nuna nauyi.

"Na zagaya masa a ƙirji, ya nuna ɗari da ashirin. Na duba jikin kwalba na ba shi na ɗari da ashirin. Ko ɗigo ban ƙara ba."

"Kilonsa saba'in da takwas. A gabana aka auna shi."

"Tef ɗin nan bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Na maruƙa ne! Baba maraƙi ne?"

"Rage murya. Taga a buɗe take."

Douwe ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da firji. A hankali ya ce, "Shi ya sa yake ƙure rediyo. Shi ya sa yake tafiya yana dafa bango kamar ya sha giya. Ni ina ta yi masa tsiya wai tsufa ne."

"Tsufa ne mana," in ji Mama. "Ku 'ya'yan yanzu komai sai kun kai wa mai farar riga. Shekara arba'in ina riƙe da gidan nan, wa ya taɓa kwana a asibiti? Ubanku da ƙusa ta soke shi, ni ce. Kai da ƙurji ya fito maka a wuya, ni ce, a kunun safe na zuba maka. Ke kuwa da ba don ni ba ai da yanzu ciyawa ta rufe ki."

Rinske ta ɗago.

"Ni?"

"Kina da shekara tara. Zazzaɓin nan da kika yi lokacin da ƙanƙara ta rufe hanya. Kwana takwas na yi miki allura, kina barci, a nan." Ta taɓa cinyarta. "Kika tashi garau."

Hannun Rinske ya tafi da kansa ya rufe kunnenta na hagu.

Shekara ashirin da biyar. Zaman layin gaba a aji. Yaran da ke bin ta suna kiran kurma. Aikin amsa waya da aka sallame ta bayan sati biyu. Duk lokacin da ta tambaya, Mama takan ce zazzaɓi ne ya taɓa kunnen, ta gode wa Allah da ya bar mata ɗaya.

"Kin sani?" Muryarta ta fito siririya. "Kin san shi ya cinye min kunne?"

Mama ta juya cokali a kofi, alhali ba ta sa sukari.

"Na yi zargi."

"Kika kuma ɗauko irinsa kika yi wa Baba."

"Kunne ɗaya ne, Rinske. Kina da rai, kina da aiki, kina tuƙa mota."

Rinske ta kalli biskit ɗin da ke gefen kofinta, ta kalli hannun da ya ajiye shi, fari tas, farce a yanke. Da hannun nan aka yi mata kitso, da shi ake yanka mata cuku. Ta ji kamar ta cire fatar jikinta ta wanke. Ta ture kofin har shayin ya zube a zanen.

Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin. Ta ciro waya.

"Wa za ki kira?"

"Likita."

"Ki ce mata me? Kin san abin da zai biyo baya? Likita za ta rubuta, rubutu zai je hukuma. Su zo da fararen motocinsu su tsaya a ƙofar nan kowa na gani, su buɗe kowane lungu, su hana motar madara tsayawa. Gonar da kakan kakanku ya datse ruwa ya tsame ta daga ciki. Ranar Lahadi in shiga coci da wace fuskar? Ubanku da bakinsa ya ce ko zai mutu kada a faɗa."

"To ba zai mutu don fuskarki ba."

"Douwe, yi mata magana. Gonarka ce."

Douwe bai ɗago ba. "Kira, Rinske."

Mama ta tashi ta ɗauko tsumma, ta fara goge shayin da ya zube. Tana gogewa ta ce, "Da kin bar wahalar da kanki. Na riga na kira."

Yatsan Rinske ya tsaya a kan wayar.

"Kin kira wa?"

"Ita likitar. Kina ajiye waya na neme ta. Yarinya ce mai ladabi. Na ce ni ce matarsa, shekara arba'in da ɗaya, ko ruwa ba ya sha sai ta hannuna. Na ce babu abin da aka ba shi, ƙullin cinyar kuma saniya ce mai shuri, a gabana aka yi. Ta yi min godiya." Ta matse tsumman a kwano. "Ke kika ce maganin guda ɗaya ne ya rage. To su ba shi ya warke ya dawo gida, magana ta mutu."

Rinske ba ta san lokacin da ta danna lambar ba. Ta manna wayar a kunnen dama. Ta yi ƙara sau shida kafin wata nas ta ɗauka.

"Rinske ce, 'yar Sipke da ke ɗakin keɓewa. Kada a saka masa maganin nan. Don Allah ki gaya wa Dokta Bouma, na samo kwalbar, sunan na biyu ne, kwana sha tara aka yi masa, fiye da ƙima."

Ta ji ana taɓa takardu.

"An saka tun ɗaya da rabi," in ji nas ɗin. "Jakar ta ƙare, har na cire."

"Duka?"

"Duka. Tsaya, ina ƙofar ɗakinsa, bari in aika a kira likita." Ta ji nas ɗin ta yi wa wani magana da sauri, sannan ta dawo. "Ya yi fitsari ne da safe, kin lura? Jakar fitsarin babu komai tun rana."

"Ba ni shi. Sa masa wayar a kunne."

Aka yi motsin leda, aka buɗe ƙofa. Sai numfashin Baba, mai nauyi.

"Baba, ni ce. Rinske ce. Kana ji na?"

Mama ta daina goge tebur. Douwe ya miƙe tsaye.

"Baba?"

"Ba kowa a layin nan," ta ji ya ce wa nas ɗin, da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin muryar kansa. "'Yan mata, ki taimaka ki aika gida a ce wa Douwe ya kashe injin tatsa. Tun ɗazu yake ƙara a cikin kaina, kuma lokacin tatsa bai yi ba."